Giya a Ɗakin Tuƙin Jirgi: Kora Kaɗai Ba Za Ta Tsare Mu Ba

Kamar kullum, ga shirin a rubuce saboda waɗanda data ba ta kai su sauraren murya ba. Ina gaida masu bibiyarmu na Mafara, Bakura da Maradun, da 'yan uwanmu ɗaliban Abdu Gusau Poli waɗanda ba sa barin shiri ya wuce su.

Da na sanar cewa yau za mu yi magana kan shan giya tsakanin matuƙan jirgin sama, wani abokina ya kira ni yana dariya. Ya ce, "Kai malam, mu da ke fama da 'yan bindiga da tsadar taki, ina ruwanmu da matuƙin jirgi? Mu nawa muka taɓa shiga jirgin ma?"

To ga amsata. Shekarar da kakata ta tafi aikin Hajji, mu muka raka ta filin jirgin Sultan Abubakar na Uku a Sakkwato, inda alhazan Zamfara suka daɗe suna tashi. Da ta hango jirgin daga nesa sai ta riƙe hannuna, ta ce, "Ɗana, wa ka tuƙa wanga abu?" Na ce ban san shi ba, Inna. Ta yi shiru, can ta ce, "To Allah shi sa mutumin kirki na." Tun daga ranar tambayar nan take raina. Kowace shekara iyayenmu suna miƙa rayukansu ga mutumin da ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Ga shi kuma tun watan Yunin 2024 aka ƙaddamar da aikin filin jirgin sama a Gusau. Saboda haka maganar tamu ce, ba ta wasu ba.

Bari mu fara da abin da ya faru a nan gida Najeriya. Ranar 13 ga Yulin 2025, jirgin kamfanin Air Peace ƙirar Boeing 737 ya taso daga Legas zuwa Fatakwal da mutum 103 a ciki. Wajen sauka sai ya taɓa ƙasa can nesa da inda ya kamata, ya zarce ƙarshen titin jirgin. Allah Ya kiyaye, ba wanda ya rasa ransa. A watan Satumba, hukumar binciken haɗurra ta NSIB ta fitar da rahoton farko, ta ce gwajin da aka yi wa matuƙan bayan saukar ya nuna alamar giya, sannan an ga sinadarin wiwi a jikin ɗaya daga cikin masu hidimar fasinja.

Adalci shi ne in faɗa muku ɗaya ɓangaren. Rahoton farko ne, ba hukunci ba. Mataimakin matuƙin da mai hidimar sun fito sun musanta. Kamfanin ma ya ce ya dakatar da kyaftin ɗin ne don ya ƙi jin shawarar mataimakinsa, wanda ya ce masa su fasa saukar su sake zagayowa, ba don sakamakon gwaji ba. Ya kuma ce hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama ta wanke mataimakin. Don haka ban zo yanke wa kowa hukunci ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda muka karɓi labarin a Facebook. Kusan kowa abu ɗaya yake rubutawa: a kore su, a ɗaure su, a ƙwace lasisinsu har abada. Na fahimci fushin, ni ma na ji shi. Amma ina so mu ɗan tsaya mu tambayi kanmu: in burinmu shi ne kada Inna ta shiga jirgin da mashayi ke tuƙawa, wace hanya ce ta fi kai mu ga hakan?

Kafin amsa, mu san me giya ke yi wa matuƙi. Ba sai mutum yana tangaɗi ba. Kaɗan daga cikinta ya isa ya rage saurin yanke shawara, ya rage yadda ido ke bin na'urori da yawa a lokaci guda, ya kuma taɓa ruwan cikin kunne wanda da shi jiki ke gane sama da ƙasa. A cikin gajimare ko cikin dare, inda ba ka ganin ƙasa, wannan kaɗai ya isa ya ruɗa mutum. Mafi muni kuma, giya tana ƙara wa mutum yarda da kansa a daidai lokacin da ƙwarewarsa ta ragu.

Ana auna giya a jini da miligiram a cikin kowane mililita 100. A Amurka, matuƙi ba zai tashi ba in ya kai 40, kuma dole a samu awa 8 tsakanin shansa na ƙarshe da tuƙi. Dokar Najeriya ma ta tanadi wannan awa 8 ɗin. A Birtaniya iyakar matuƙin jirgi 20 ce, alhali direban mota a Ingila an bar masa har 80. A Indiya kuwa sifili ne: ana sa matuƙi ya hura na'ura kafin tashi, kamun farko dakatarwar wata 3, na biyu shekara 3, na uku a soke lasisi.

Amma ku ji wani lissafi. Hanta tana fitar da kusan miligiram 15 ne kawai a awa guda. Mutum ya sha ya kai 200 da ƙarfe sha biyun dare, ya kwanta, ya tashi ƙarfe takwas na safe. Ya cika awa 8 ɗin doka, amma har yanzu akwai kusan 80 a jininsa. Wankan ruwan sanyi ba ya rage ta, kofi ba ya rage ta, goro ma haka. Lokaci ne kawai. Wani bincike da aka buga a 1986 kan matuƙan sojan ruwan Amurka ya nuna cewa awa 14 bayan sun sha da yawa, aikinsu a na'urar koyon tuƙi bai dawo daidai ba. Kenan ƙirga awa kaɗai ba ya isa, sai an gwada.

Kada kuma wani ya ce ai tsoro ne kawai, abin bai taɓa kashe kowa ba. Ranar 14 ga Satumbar 2008 wani Boeing 737 na Aeroflot-Nord ya faɗi a garin Perm na Rasha, mutum 88 suka mutu, kuma masu bincike sun samu giya a jikin kyaftin ɗin, tare da gajiya da ƙarancin horo.

Akwai labarai guda uku da nake so ku riƙe, don abu ɗaya ne ya haɗa su.

Na farko, Janairun 1977, a garin Ankorej na jihar Alaska a Amurka. Jirgin dakon kaya na kamfanin Japan Airlines, maƙare da shanu masu rai za a kai Tokiyo. Direban tasin da ya ɗauko kyaftin ɗin daga otal ya lura mutumin nan a buge yake, ya kai rahoto. Maganar ta bi hannu zuwa hannu, ba wanda ya tsayar da jirgin. Matasan matuƙa biyu da ke tare da shi ba su hana shi ba. Jirgin yana tashi ya faɗo, mutum biyar da ke ciki suka mutu, shanun ma duka. Giyar da aka samu a jinin kyaftin ɗin ta kusa 300.

Na biyu, Oktoban 2018, filin jirgin Hitro a Landan. Direban bas ɗin da ke kai ma'aikata bakin jirgi ya ji warin giya a jikin wani mataimakin matuƙi, shi ma na Japan Airlines. Ya faɗa, kuma a wannan karon an saurare shi. Aka gwada, aka samu 189, kusan ninki goma na iyakar Birtaniya. Kotu ta ɗaure shi wata 10. Fasinjojin sun isa Tokiyo lafiya.

Na uku, 8 ga Maris 1990. Matuƙa uku na kamfanin Northwest sun kwana suna sha a wata mashaya a Amurka, da safe suka tuƙa jirgi daga Fargo zuwa Miniyapolis da fasinja 91. Wani da ya gan su a mashayar ne ya buga wa hukuma waya. Suna sauka aka kama su.

Kun ga abin da ya haɗa su? A duka ukun, ƙaramin mutum ne ya fara gani: direban tasi, direban bas, wani baƙo a gefe. Bambancin rai da mutuwa shi ne ko an ɗauki maganarsa. Mu kuma mun taso da "babba ba ya laifi" da "ba a gyara wa na gaba". Ladabi abu ne mai kyau, amma a ɗakin tuƙi, mataimakin da ya ji wari ya yi shiru don kunya ya ci amanar mutanen da ke bayansa.

Yanzu mu koma kan na ukun, don labarinsa bai ƙare a kamu ba. Sunan kyaftin ɗin Lyle Prouse, tsohon matuƙin sojan Amurka. An ƙwace duk lasisinsa, an yanke masa ɗaurin wata 16. Ya zama abin ba'a a talabijin. Amma ya amsa cewa shi mashayi ne, ya shiga asibitin masu jaraba, ya daina. Da ya fito daga kurkuku sai ya sake neman lasisi tun daga matakin ɗan koyo, ɗaya bayan ɗaya. A 1993 kamfanin da ya kunyata ya mayar da shi aiki. Ya yi ritaya a 1998 yana kyaftin na Boeing 747, kuma a Janairun 2001 Shugaba Bill Clinton ya yi masa afuwa. Ya shafe shekaru bayan haka yana taimakon wasu matuƙa masu irin matsalarsa.

Ku lura, ba a yafe masa laifin ba. Ya yi zaman gidan yari. Abin da aka bar masa shi ne hanyar dawowa, mai tsawo, mai wahala.

Wannan hanya tana da tsari a Amurka, ana kiransa HIMS, an fara shi a 1974 tsakanin ƙungiyar matuƙa, kamfanoni da hukumar sufurin sama ta FAA. Kafin lokacin, duk matuƙin da likita ya tabbatar yana da jarabar giya, aikinsa ya ƙare kenan. Me kuke tsammani ya biyo baya? Kowa ya ɓoye. Mashayin ya ɓoye wa likita. Abokin aikinsa ya rufa masa asiri, don ba ya so ya zama sanadin raba mutum da abincin iyalinsa. Matarsa ma ta yi shiru. Dokar ta yi tsauri a takarda, amma mashayin yana nan a kujerar tuƙi.

A tsarin HIMS, matuƙi zai iya kai kansa, ko abokansa su kai shi. Nan take a sauke shi daga tuƙi. A kwantar da shi a yi masa magani, yawanci kusan wata guda. Sai likitocin ƙwaƙwalwa su duba shi. In ya cancanta, a ba shi takardar lafiya ta musamman bisa sharaɗin ba zai sake ɗanɗana giya ba, ko yana hutu. Ana yi masa gwajin ba-zata, wani matuƙi ɗan uwansa yana sa masa ido, likita yana bibiyarsa shekara da shekaru. Dubban matuƙa sun koma aiki ta wannan ƙofa. Turai ma, bayan haɗarin Germanwings na 2015 wanda ya kashe mutum 150, inda mataimakin matuƙin ya ɓoye wa kamfaninsa ciwon ƙwaƙwalwarsa, ta kafa doka a 2018 da ta haɗa abu biyu: gwajin giya na ba-zata a filin jirgi, da tilasta wa kamfanoni su samar da wurin da matuƙi zai kai kukansa a asirce.

Na san abin da wasunku za su ce: "Wato kana so mu shiga jirgin tsohon mashayi?" Tambaya ce mai ƙarfi, ba zan raina ta ba. Kuma gaskiya ne wasu suna komawa ruwa bayan magani, shi ya sa ake ci gaba da gwada su. Amma ku auna mutum biyu. Ɗaya an san matsalarsa, an yi masa magani, ana gwada shi ba sanarwa, ido goma na kansa. Ɗayan ba wanda ya sani, don ranar da ya buɗe baki ranar zai rasa komai. Wanne za ka ba Inna? Ni dai na farkon zan zaɓa.

Wani kuma zai ce, "Mu nan jihar Shari'a ce, giya haramun ce, magana ta ƙare." Haka ne, haramun ce, ba jayayya. Tun Oktoban 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau, aka rufe mashaya, kuma haddin mashayi bulala 80 ne. Amma addinin da ya sa haddin shi ne ya bar ƙofar tuba a buɗe. Malamanmu suna karantar da mu cewa haramcin giya mataki-mataki ya sauka, daga Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida. Suna kuma ba mu labarin sahabin da aka sha kawowa saboda shan giya, ana yi masa haddi, amma da wani ya tsine masa sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. Hukunci yana nan, tsinuwa da yanke ƙauna ne babu.

Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya. Rufe mashaya bai rufe maye ba, kaya kawai ya canza. Binciken da hukumar UNODC ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, kuma giya da taba ba sa cikin wannan lissafi. A shekarar ce gwamnati ta hana maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC. Mu da ke nan mun san tiramol, mun san wiwi, mun san sholisho.

Kuma muna da namu matuƙan. Direban da ke ɗaukar mutum goma a Sharon daga Mafara zuwa Sakkwato, ɗan acaɓan da ke goya mai ciki daga Bakura zuwa asibiti, mai kwalekwalen da ke ƙetarar da mutane da damina. Wata rana na shiga mota a wata tasha, na ga direban ya ɓalle ƙwaya biyu ya kora da shayi kafin mu tashi. Mu tara ne a motar, duk mun gani. Wani dattijo a gefena ya ce a hankali, "Allah shi kai mu lahiya." Ni da nake ta surutu a intanet kan haƙƙin matasa, wallahi ban ce uffan ba. Na ji tsoron a ce na cika iyayi, na ji tsoron a sauke ni in rasa mota. Mun isa lafiya, amma ba don mun yi daidai ba. Direban tasin Ankorej ya fi ni, shi ya yi magana.

Daga baya na sake haɗuwa da direban nan, muka yi hira. Ya ce sawu biyu yake yi a rana kafin ya haɗa balas ɗin mai mota, ga tsoron hanya in yamma ta yi, in bai sha ba jikinsa ba ya ɗauka. Na ce me ya hana ka neman magani? Ya ce, "In mai mota ya ji, gobe makulli na hannun wani." Kun ji? Maganar matuƙin Amurka kafin 1974 ce, sak.

To me nake nema a yi? Abu huɗu.

Na ɗaya, gwaji kafin tashi, ba bayan haɗari ba. NCAA da kamfanoni su mayar da hura na'ura abin yau da kullum, musamman a jigilar alhazai, kuma a riƙa fitar da sakamako da wuri ta hanyar da ba za ta bar jayayya ba. Rigimar Fatakwal ta nuna mana cewa gwajin da ba a yarda da shi ba yana cutar da fasinja, yana kuma iya ɓata sunan wanda bai ji ba bai gani ba.

Na biyu, wanda aka kama a bakin aiki da maye a jikinsa, a hukunta shi, komai girmansa, ko yaron wane ne. A nan ba sassauci.

Na uku, wanda ya kawo kansa tun kafin a kama shi, a sauke shi daga tuƙi, a yi masa magani, a rufa masa asiri, a ajiye masa gurbinsa in ya cika sharuɗɗa. A koya wa ɗalibai wannan tun daga Kwalejin Horar da Matuƙa ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. A tasha kuma, shugabannin ƙungiyar direbobi za su iya zama da masu motoci su yi irin wannan yarjejeniya. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Sakkwato bai yi mana nisa ba, hukumar NDLEA ma tana da sashen ba da shawara ga masu son dainawa.

Na huɗu, a kare wanda ya yi magana. Mataimakin matuƙi, mai hidimar fasinja, yaron mota, ɗan kamasho, fasinja. Kada wanda ya ce "oga, yau kada ka tuƙa" ya zama shi ne zai kwana da yunwa.

Ɗan uwa, in kana karanta wannan kuma kai ne mai matsalar, ko jirgi kake tuƙawa ko Golf ko Boxer, ba na tsine maka. Amma rayukan da ke bayanka ba naka ba ne. Ajiye makulli yau, ka nemi wanda ka yarda da shi, ka faɗa masa. Ya fi sauƙi ka faɗa da bakinka a kan a karanta a rahoton haɗari.

Ni kuma na ɗaukar wa kaina alkawari: in na sake ganin abin da na gani a tashar nan, zan yi magana, ko da za a sauke ni.

Ku faɗa min ra'ayinku a ƙasa. Za ku yarda ku shiga motar direban da ya daina shaye-shaye, ana kuma gwada shi? Direbobinmu na Mafara da Maradun, ina so in ji daga gare ku musamman, kuma wanda ba ya so a ga sunansa ya turo ta saƙon sirri, ba zan bayyana shi ba. Ku tura wa wani shirin nan.

Allah Ya tsare mana hanyoyinmu na sama da na ƙasa, Ya shiryi masu shaye-shayenmu, Ya ba Zamfara zaman lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.